Kukan inji da na ƙasan mota: tambayoyin da direbobin kamiyo ke yawan yi mani a gareji

Ni bakanike ne a nan Damagaram, tsoffin motocin gazuwal nake gyara, Marsandi mai dogon hanci irin su 911 da 1113 da 1924, da ƴan Land Cruiser da Hilux masu shiga daji. Kusan kullum sai wani ya kira ni daga kan hanya yana cewa mota na wani kuka, mi zai saya. Shi ya sa na tara tambayoyin nan wuri guda. Sunayen kayan mota kuma kun san mu, rabi daga Faransanci rabi daga bakin mutanen Kano, wanda ya zo bakina shi zan rubuta.

Maigida, motata ta fara wani kuka da ban saba ji ba, ta ina zan fara?

Kada ka fara da sifana, kuma don Allah kada ka fara da zuwa shagon kayan gyara. Fara da kunne. Duk kukan da mota ke yi akwai abin da yake bi, in ka gano abin da yake bi to ka yi rabin aikin tun ba a kwance noti ko ɗaya ba.

Abu na farko, inji yake bi ko taya? Tsayar da motar, sa ta a firi, ka ba ta wuta a hankali. In kukan ya zo kuma yana ƙaruwa da wutar, to yana inji ko abubuwan da kuruwa, wato bel ɗin inji, ke juyawa ko bakin ambariyaj, wato kuloci. In a tsaye shiru take sai ta fara tafiya, to bar inji ya huta, matsalarka na buwat (akwatin giya) ko kardan (sandar da ke kai ƙarfi baya) ko pon (tulun haƙoran da ke tsakanin tayoyin baya) ko tayoyi. Sannan da sanyin safiya yake yi ko sai inji ya ɗauki zafi? Lokacin da kake ba ta wuta da lodi a hawa, ko lokacin da ka ɗage ƙafa tana gangara? Sai tambayar da direbobi ba su son amsawa, mi ya faru kafin kukan ya fara. An sha mai a wani sabon wuri, an faɗa rami, an yi bidanj wato canjin baƙin mai, inji ya taɓa tafasa aka zuba mishi ruwa aka ci gaba, wani ya taɓa pompo mai tura gazuwal? Walahi sau da yawa amsar tana nan, amma sai direba ya ɓoye don tsoron mai mota, mu kuma mu kwana biyu muna neman abin da da kalma guda ya ƙare.

To ai injin gazuwal dama da ƙara aka san shi, ya zan bambanta ta lafiya da ta ciwo?

Gaskiya ne. Ba shi da bujiya mai tartsatsi kamar na isansi wato fetur, iska yake matsewa kamar sau 16 zuwa 22 har ta yi zafin da in aka fesa gazuwal sai ya kama da kansa, wannan kamawar ce kake ji kar-kar-kar. Ta lafiya a jere take, duk silinda muryarsu ɗaya kamar mata masu daka da suka saba da juna. Ta ciwo kuwa sai ka ji taɓarya guda ta fita daban, ko ta fi sauran nauyi ko tana latti.

Kuma kada a gwada inji da wanda ba irinsa ba. OM352 na Marsandi, mai silinda 6 da lita 5.7, kai tsaye yake fesa mai bisa piston, shi ya sa muryarsa ke da kaushi. 1HZ na Land Cruiser mai lita 4.2 a wani ɗan ƙaramin ɗaki cikin kulas, wato kan inji, yake fesawa, muryarsa ta fi taushi. Ƙarar da a Marsandi ba komi ba ce, in na ji ta a 1HZ hankalina ba zai kwanta ba.

Na ga kuna kara sanda a kunne kuna ɗorawa a jikin inji, da gaske wani abu kuke ji?

Sosai ma. Dogon sukundireba ko sandar ƙarfe, ka ɗora bakinta inda kake zato, ka dunƙule hannu a ɗaya bakin ka kara a ƙashin kunne. Ƙarfe na kawo sauti fiye da iska. Maigidana da ya koya mani aiki, Allah ya jiƙansa, sai da na yi watanni yana sa ni saurarar injin da ba abin da ya same shi, murfin supap (bawul masu buɗe ma iska da hayaƙi hanya), gefen bulok, kartar (kwanon baƙin mai na ƙasa), pompo, altarnato, yana cewa sai na haddace muryar mai lafiya tukuna. A lokacin gani nake ɓata lokaci ne, yau da shi nake cin abinci.

Amma a kula da farfela da kuruwa. A cire rawani, a naɗe hannun riga, babbar riga kam a tuɓe ta gaba ɗaya kafin a sunkuya. In ruri ne kake nema ba bugu ba, guntun tiyo ya fi sanda, musamman wajen neman inda iska ke tsira.

Baba, a saman inji nake jin cak-cak-cak kamar keken ɗinki, ba ƙarfi amma ba ya dainawa.

Mafi yawa supap ne suka yi sako-sako, gibin ya yi yawa. Alamarsa saurinsa rabin na inji ne, don sandar da ke buɗe supap sau ɗaya take juyawa in bilbirke, babbar sandar da piston ke juyawa, ya juya sau biyu. Inji na ralanti, wato ba a ba shi wuta ba, a juyi 600 a minti, kenan juyi 10 a sakan, shi kuma cak ɗin sau 5. A tsohon OM352 marar turbo ana gyara shi da sanyi, gibin milimita 0.20 na supap ɗin shigar iska 0.30 na fitar hayaƙi, sauran injuna a duba abin da aka rubuta masu don ba ɗaya ba ne. Na 1HZ ba noti ake juyawa ba, wasu ƴan faya-fayan ƙarfe ake canzawa.

Abin da na fi tsoro shi ne supap da ya yi shiru gaba ɗaya. Wasu yara na matse shi don mai mota ya ji daɗi, to wanda ya matse ba ya rufewa da kyau, wuta na bi ta gefensa har ya ƙone. Ɗan cak-cak kaɗan ya fi wannan sau dubu.

Kafin a buɗe murfi a leƙa bakin bututun hayaƙi inda ya haɗu da kulas. In juwan ɗin wurin, wato gaskit, ya fashe ko noti ya karye shi ma cak-cak yake yi, ya fi yawa da safe, in ƙarfe ya yi zafi ya buɗe sai ya ragu, kuma za ka ga baƙin gawayi ya yi zane a wurin. Haka zoben jan ƙarfe na gindin anjekta mai fesa gazuwal, in ya saki sai ka ji fus-fus ka ga wani baƙin abu kamar kwalta ya taru kewaye da shi.

Ƙwal-ƙwal mai nauyi take yi kamar ana buga guduma a ciki, an ce mani sai an sauke inji. Gaskiya ne?

Nan ne kuɗin mutane suka fi salwanta, don haka bari in tsaya a kai. Abu biyu ne ke yin wannan bugun kuma a kunne sun yi kama ƙwarai, anjekta mai ɗiga da kusine na biyal da ya cinye, wato ƙarfen da ke shimfiɗe inda sandar piston ta kama bilbirke. Na farko aikin yini ne, na biyu sai an buɗe cikin inji, wani sa'in har a kai bilbirke wajen masu gogewa.

Ga yadda ake raba su. Inji na ralanti, ka sassauta notin bututun mai na silinda ɗaya, kaɗan kawai har mai ya fara tsartuwa, ka rufe da tsumma mai kauri, ka saurara, ka ɗaure, ka wuce na gaba. Wanda ka sassauta bugun ya ɓace ko ya ragu sosai, a wannan silinda ciwon yake. Amma fa wannan bai ce maka anjekta ne ba tukuna, don kusine ma yana yin sauƙi in aka ɗauke mishi wuta, nan ne mutane da yawa ke yanke hukunci da wuri. Sai ka cire anjektan ka musanya shi da na wata silinda. In bugun ya bi shi ya koma can, anjekta ne. In ya tsaya inda yake, to a ciki ne, kusine ko aks, ƙusar da ta haɗa piston da biyal, ko piston kansa.

Wata shekara lokacin rake aka kawo mani 1113 da ke jigila daga wajen Matamai, Alhajin da ke da ita har ya sayi kusine da sigma (zobban piston) da juwan, suna cikin kwali a kujerar gaba, don wani gareji sun ce mishi inji ya tafi. Na ce Alhaji ka ba ni awa biyu kafin a kwance komi. Bugun na silinda ta 4, muka mai da anjektan ta 2, bugun ya tashi ya bi shi. Da muka ɗora shi a famfon gwaji, maimakon ya yi feshi kamar hazo da ɗan kukan nan ƙirr, sai mai ke zuba ta gefe guda yana ɗiga kamar bakin buta. Bakin anjekta kawai muka canza. Kayan da ya saya kuwa mai shago bai karɓa duka ba, abin ya dame ni har yau don kuɗin lodi nawa ne.

Sauran shedun kusine, agogon ƙarfin baƙin mai na faɗuwa in inji ya yi zafi, a ralanti allura ta sauka ƙasa da rabin bar ko jar fitila ta riƙa ƙyaftawa, bugun na ƙaruwa da zafi da lodi. Ka tsiyaye baƙin man a faranti mai tsabta ka fita da shi rana, in ka ga yana ƙyalli kamar an barbaɗa garin tagulla to magana ta ƙare. Ka yanka filtir ɗin ka buɗe takardar ciki, nan ɓarɓashin ke maƙalewa. Anjekta kuma yakan zo da hayaƙi, baƙi ko fari mai yaji a ido, agogon mai na nan daram. In bugun da safe ne kawai, ƙwaf-ƙwaf kamar na ƙwarya, yana ɓacewa in inji ya yi ɗumi, wannan piston ne ya yi sako a cikin shemiz wato rigar silinda, tsufa ne, mota na iya daɗewa a haka. Dum-dum mai zurfi daga can ƙasa lokacin hawa da lodi kuwa manyan kusine ne na gadon bilbirke. Kuma kafin duk wannan a taɓa notin pulin gaba da notocin babban faifan bayan inji, in sun saki bugunsu na ruɗin ko tsohon bakanike.

Gargaɗi, man da ke cikin bututun nan ya kai wajen bar 200 a tsoffin injuna, yana huda fata ya shiga nama, kada a tara hannu. Motocin zamani masu kwamfuta kuwa ƙarfin ya haura bar 1000 nesa, su ba a yi masu wannan gwajin sam.

Lafiya lau take, na sha mai a bakin hanya, tun daga nan take ƙara tana hayaƙi.

Man ne, kusan ko shakka babu. In an gauraya gazuwal da isansi ba ya kamawa a kan lokaci, sai ya taru ya kama gaba ɗaya da bugu mai kaifi. In kananzir ne ƙarar ba ta cika yawa ba amma ba shi da santsi, su Hilux da Land Cruiser masu pompo mai juyawa da gazuwal ɗin kansa pompon ke samun santsi, kananzir na cinye shi a hankali. In ruwa ne inji zai riƙa tari yana yankewa da farin hayaƙi.

Zuba kaɗan a kwalba fara ka aje minti goma, ruwa zai kwanta ƙasa, isansi kuma hanci zai gaya maka. Gwajin da na fi so shi ne a sa tiyo cikin jarka mai tsabtataccen mai a ba inji kai tsaye, in muryar ta dawo to a sauke tanki a wanke a canza filtir. Na san ba kowa ke da zaɓi a daji ba, amma ko ba komi a tace da ƙyalle, a bar jarka ta kwanta, kada a juye na gindin.

An gyara mani pompo, yanzu tana da ƙarfi amma ƙarar ta yi kaifi.

An sa ta gaba da yawa, man na shiga da wuri. Direba na jin daɗi kwana biyu, kusine da piston na shan duka. A koma a daidaita ta bisa alama. In an sa ta baya kuma akasin haka ne, murya ta yi laushi, wuyar tashi da safe, farin hayaƙi, inji na zafi.

Baƙin mai na ƙaruwa a sandar awo maimakon ya ragu, kuma an fara ɗan bugu.

Kashe ta yanzu. Gazuwal ne ke shiga kartar yana tsinka man, shinshina sandar ka ji. A OM352 anjektoci da bututun mayar da mai suna ƙarƙashin murfin supap, in wani ya tsage a ciki yake zuba ba ka gani a waje. Ƙaramin famfon da ke jawo mai daga tanki ma na iya yi. In man ya koma kalar shayi da madara kuwa ruwa ne, a duba juwan kulas, a buɗe radiyato da sanyi a ga ko yana kumfa.

Fito nake ji fiiii in na ba ta wuta, wani lokaci kuma ƙiiii da safe.

Ƙiiii na safe kuruwa ce ta saki ko ta yi sulɓi, yayyafa mata ruwa kaɗan, in ta yi shiru na ɗan lokaci ita ce. In gurnani ne daga gaba, cire kuruwar ka tada inji minti ɗaya kacal, kada ya wuce don famfon ruwa ba ya juyawa, in kukan ya tafi sai ka juya altarnato da famfon ruwa da hannu ka ji wanda ke da yashi-yashi ko yake girgiɗi.

Fito kuma in motar na da turbo, ɗan kaɗan al'adarsa ce. In ya ƙaru kwatsam, ƙarfi ya ragu, baƙin hayaƙi ya yi yawa, nemi tiyo da ya tsage ko maɗaurin da ya saki, galibi akwai danshin mai a wurin. In ya koma kuwwa kamar jiniya to fukafukan sun fara taɓa gida. Ƙurar hunturu ta garin nan ita ke kashe turbo, na sha cire tiyo in ga bakin fukafukan ya cinye kamar an goga da fayil, duk saboda filtir ɗin iska da aka yi ta busawa har ya huje, ko mai kwanon mai da aka bari ya zama taɓo. Kuma in ka taho da lodi cikin zafin Afrilu da Mayu, bar ta a ralanti minti biyu ko uku kafin ka kashe.

Abu guda da kowane direba da yaron mota ya kamata su sani, in turbo ya saki baƙin mai cikin inji, inji na iya kwasa da gudu da kansa, hayaƙi ya turnuƙe, ka kashe makulli ya ƙi mutuwa. A sa babbar giya a taka birki a saki ambariyaj, ko a toshe bakin iska da katako mai faɗi. Da katako na ce, ba da tafin hannu ko tsumma ba.

In na taka ambariyaj sai kuka ya zo, abokina kuma nasa sai ya taka yake dainawa.

Ciwonku ba ɗaya ba ne. Naka, shuuu ko ƙirrr da zarar ƙafa ta fara dannawa, buti ne, wato rulma ko boris ɗin da ke danna ambariyaj, kuma yawan ɗora ƙafa bisa feda ana tafiya ke kashe shi. Na abokinka da ke kuka a firi ya yi shiru in an taka, rulma ce ta sandar shiga buwat, ko ƴan sifirin na cikin dis, faifan ambariyaj, sun saki suna kaca-kaca. Akwai na uku, sai an taka har ƙasa da giya a ciki yake kuka kuma giya na wuyar shiga, wannan ƴar ƙaramar rulma ce da ke bayan bilbirke. Tunda duk sai an sauke buwat, a duba su ukun lokaci guda, kada a sauke ta sau biyu.

Buwat na kuwwa a wasu giyoyi, a ta ƙarshe kuma shiru.

A tsoffin buwat da yawa giyar ƙarshe kai tsaye take, ƙarfi ba ya bi ta sandar ƙasa, shi ya sa in rulmomin sandar ƙasa sun gaji ake jin su a sauran giyoyi amma ban da ita. In giya guda ce kawai ke kuka haƙoranta ne, in tana ƙwas-ƙwas a jere haƙori ya ɓalle. Buɗe notin tsiyaya ka duba maganaɗisun da ke jikinsa, laushin gari baƙi ba komi, gutsattsarin da kake ji a yatsa kuwa magana ce. A kula da irin man da ake zubawa, man pon mai GL-5 ba kowace tsohuwar buwat ke son shi ba don yana cin zobban tagulla na ciki.

Garam nake ji in zan tashi ko in na ɗage ƙafa, a wani gudun kuma duk motar na rawa.

Shiga ƙarƙashi ka kama kardan, amma a wuri mai daidai, an tare tayoyi gaba da baya da katako ko dutse, inji a kashe, giya a firi. Murɗa shi hagu da dama, ɗaga sama da ƙasa a wajen kowane kurwaziyo, wato mahaɗin kardan mai kama da gicciye. Ko ɗan motsi bai kamata ba. Jan gari kamar na tsatsa a bakin kofin yana nufin alluran ciki sun bushe sun niƙe, ko da bai fara motsi ba ya mutu. Duba robar paliye ta tsakiya, da notocin da suka haɗa shi da pon.

In rawar ta fara ne bayan an cire kardan an mayar, an saka shi a karkace, kunnuwan gaba da na baya dole su kalli gefe ɗaya, shi ya sa muke yin alama da fenti ko alli kafin mu zare. Wannan ba kukan da ake wasa da shi ba ne, kardan in ya tsinke ta gaba yana soke ƙasa, yana iya fasa tankin iska ko ya ɗaga motar. Giris kuma na ƴan daloli ne, hanyar yashi da ruwan damina na wanke shi da sauri.

Wuuu daga baya, yana ƙaruwa da gudu. Pon ne ko taya?

Yi wasa da ƙafarka ka ji. In kuwwar na zuwa da ba da wuta ta ɗauke in ka saki, ko akasin haka, pon ne, haƙoran kuran da pinyo, babban faifai da ƙaramin da ke juya shi, ko rulmar pinyo. In ba ruwanta da wuta, gudu kawai take bi, kuma tana canzawa in ka karkata sitiyari hagu ko dama, rulmar taya ce. In tana canza murya daga kwalta zuwa burji, tayar ce kanta, shafa hannu ka ji ko ta ci tudu da kwari. Ƙwas-ƙwas a kwana kawai, ƙananan haƙoran tsakiyar pon ne. Masu Land Cruiser da Hilux kuma in kun fito daga yashi ku cire ta daga ƙafa huɗu, a kan kwalta tana ɗaurewa ta yi ta gurnani a kwana.

Duk tsayawa a zagaya mota a kara bayan hannu kusa da kowane cibiyar taya da tulun pon. Wanda ya fi ƴan'uwansa zafi shi ne. A duba notocin taya, zanen tsatsa da ya fito daga gindin noti alamar ya saki ne. Kaca-kaca a hanya mai gargada kuma yawanci lam ne, sifirin da motar ke zaune a kai, ya karye ko maɗaurinsa ya saki, ko bututun hayaƙi na dukan shasi don robar da inji ke zaune a kai ta mutu.

Zan sayi tsohuwar kamiyo, mi zan saurara?

Ka je da sassafe ba tare da ka faɗi sa'a ba, ka taɓa inji ka tabbatar da sanyi yake. Duba man, in ya yi kauri kamar zuma an zuba ne don a rufe bakin kusine. Ka tuƙa ta har ta yi zafi sosai, da lodi in zai yiwu, sannan ka tsaya ka kalli agogon mai a ralanti. Mai sayarwar da ya hana ka wannan, ka yi mishi sallama cikin mutunci.

Ina tsakanin Tanut da Agadas da lodi, ba gareji kusa. Wane kuka zan lallaɓa da shi, wane ne zan tsaya?

Na san hanyar, daga nan zuwa Agadas wajen kilomita 450 ne kuma tsayawa a wasu wuraren ba daɗi, ga dabbobi ko kayan da ke lalacewa a baya, ga mai kaya na kira. Cak-cak na supap, juwan bututun hayaƙi, kuwwar pon ko buwat da ta daɗe ba ta ƙaru ba kuma akwai mai a ciki, buti mai kuka, duk waɗannan a rage gudu a isa gari. Kuruwa a ɗaure ta, a riƙa yawo da wata a ƙarƙashin kujera.

Amma bugu mai nauyi tare da faɗuwar agogon mai, ƙarar da ta zo farat ɗaya kamar an jefa noti cikin inji, turbo mai jiniya da shuɗin hayaƙi, cibiyar taya mai hayaƙi ko warin ƙuna, kardan mai rawa da ƙarfi, iskar birki da ke tsira allura na sauka, waɗannan a sauka gefe a kashe. Wani yaro da nake ji da shi ya kira ni da dare daga bayan Tanut, na ji bugun ta waya, na tambayi agogo ya ce yana ƙasa, na ce ɗana kashe ta. Ya ce saura kaɗan ya kai ƙauye. Da muka isa washegari biyal ta fasa gefen bulok ta leƙo, ramin ya kai dunƙulen hannuna, baƙin mai ya yi layi a kan yashi kamar taku ashirin. Da ya tsaya a inda ya kira ni, kusine da gugar bilbirke ne kawai, sai ga shi motar ta yi wata huɗu a aje ana neman bulok.

In na turo maka sautin ta WhatsApp za ka gane?

Wani lokaci, amma waya na haɗiye bugu mai zurfi ta ƙara ma ƙananan ƙara kaifi, don haka ba na cewa a sayi kaya bisa saƙon murya kawai. In za ka turo, bidiyo ya fi. Fara daga nesa kamar taku uku, ka matso a hankali gefen pompo sannan ɗaya gefen sannan ƙasa wajen kartar, yaronka ya ba ta wuta a hankali ya saki sau biyu ko uku, a kashe rediyo, mutane su yi shiru. Ka ɗauki ɗaya da sanyi ɗaya da zafi, ka nuna mani agogon mai da na zafi da kalar hayaƙi. Sannan ka faɗi irin injin, lodin da ke kai, inda ka sha mai na ƙarshe, da wanda ya taɓa ta kafin ni da abin da ya kwance.